Tambaya da Amsa: Takalmin Kofato ga Tumaki da Awaki

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan abu guda: takalmin roba da ake sa wa tunkiya ko akuya mai ciwon kofato. Mun miƙa su ga likitocin dabbobi da ke amsa tambayoyin wannan fili.

Tambaya: Malam likita, raguna biyu da tunkiya guda suna ɗingishi tun da ƙasa ta jiƙe. Tsagar kofaton tana wari, ɗaya har durƙusawa yake a gwiwa kafin ya ci abinci. An ce in sa musu takalmi in bar shi har su warke. Haka ne? Daga wani mai kiwo.

Amsa: Malam, kada ka bar shi. Wari da ɗingishi da cin abinci a durƙushe alamu ne na ruɓewar kofato. Ƙwayoyin cuta biyu ne ke haɗa kai wajen kawo ta, Dichelobacter nodosus da Fusobacterium necrophorum, kuma dukansu ba sa son iska. Laima da ɗumi da rufaffen wuri suke nema. Idan ka rufe ruɓaɓɓen kofato a cikin roba kwana da kwanaki, ka gina musu ɗakin da suke so. Ranar da ka cire takalmin sai ka tarar kofaton ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali, ƙasansa ya ɓanɓare, warin ya ninka.

Maganin wannan ciwo allura ce da feshi. Oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin mai daɗewa a jiki wanda ke da miligiram 200 a kowace mililita, ana yin mililita 1 ga kowane kilo 10 na nauyin dabba, a cikin tsoka. Rago mai kilo 40 zai samu mililita 4 ke nan. A auna nauyin, domin ƙiyasi da ido yakan sa a ba da ƙasa da kima. Sai a wanke ƙafafun huɗu, a fesa maganin feshi na oxytetracycline a tsagar, a tsayar da dabbar a busasshen wuri mai tauri har ya bushe. A duba kwalbar don sanin kwanakin da za a jira kafin yanka ko shan nono.

Kada ka kama almakashi ka shiga datse kofaton a wannan hali. A da haka ake koyarwa, amma an gano cewa yankan yana jinkirta warkewa, almakashin kuma yana kwashe cutar zuwa ƙafar gaba. Ka ware masu ciwon. Ƙwayar Dichelobacter ba ta wuce kamar kwana 14 a ƙasa in babu ƙafar da za ta hau, don haka wurin da suka taka a hutar da shi mako biyu.

Akwai dai hanya ɗaya da takalmin zai yi maka aiki a nan, wato jiƙo na ɗan lokaci. Ka narka giram 100 na garin maganin da ake kira zinc sulphate a lita 1 ta ruwa, ka zuba a takalmin daidai yadda zai rufe kofaton, ka ɗaure, ka bar shi minti 15 zuwa 30, ka cire. Ga mai dabba biyu ko uku, wannan ya fi haɗa kwami guda na maganin da dabbobi za su tsaya a ciki sauƙi.

Tambaya: To a wane ciwo ne takalmin yake da amfani sosai? Akuyata ta taka ƙusa, likita ya buɗe wurin ya fitar da mugunya, amma kullum kashi da ƙasa suna cika ramin. Daga wata mai kiwon awaki.

Amsa: Hajiya, irin naki ne aka yi takalmin dominsa. Rauni ne buɗaɗɗe a ƙasan ƙafa, inda bandeji shi kaɗai ba ya kai yamma bai yage ba. Haka kuma ƙurjin da ke taruwa tsakanin bangon kofato da tafinsa bayan an huda shi, da tsagewar kofato, da jan naman nan mai kama da tsiro da ke ɓullowa a kan yatsa idan an yi yanka ya zarce har jini.

Ga yadda ake sa shi. A wanke ƙafar da ruwan ɗumi da sabulu, a goge tsagar da tsumma mai tsabta, a tsane ta sarai. Wannan tsanewar ita mutane suka fi tsallakewa, kuma ita ce rabin aikin. A ɗiga aidin a ramin, a ɗora gos, wato siririn ƙyallen rufe rauni, a saka siririyar auduga a tsakanin yatsun biyu don kada su goge juna. A naɗe da bandeji daga kofato zuwa saman ƙananan faratan nan biyu na baya, da auduga a ƙarƙashinsu, saboda nan ne bakin roba ke fara cin fata. Sannan a zura takalmin har tafin ƙafar ya zauna daram a gindinsa.

Idan mugunya ba ta gama fita ba, ana iya jiƙa gos da ruwan ɗumi mai gishirin Epsom, wani gishirin magani, a ɗora na kwana ɗaya ko biyu don ya jawo ta. Bayan haka a koma busasshen ɗauri. A cire takalmin kowace rana, a duba, a sauya gos, a wanke cikinsa a shanya. Wanda ke da guda biyu ya huta, ɗaya na ƙafa ɗaya na bushewa. Da zarar ramin ya daina tsatsa, ƙasansa ya yi tauri, aikin takalmi ya ƙare.

Ki tambayi likitan batun rigakafin tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki. Sukar ƙusa a kofato na daga cikin hanyoyin da cutar ke shiga jiki, kuma awaki da tumaki ba sa jure mata.

Tambaya: Na ɗaure takalmin da kyau don kada ya faɗi. Washegari ƙafar ta kumbura sama da maɗaurin. Me ya jawo?

Amsa: Ɗaurin ya tsananta, ya tare jini. Ƙa'idar ita ce yatsanka ɗaya ya iya shiga tsakanin maɗauri da fata. Ka kwance yanzu, ka taɓa bakin kofaton inda gashi ya ƙare. In da ɗumi, kumburin zai sauka cikin 'yan sa'o'i. In ya yi sanyi ko fatar ta yi duhu, a kira likita nan take. Sau da yawa girman takalmin ne bai dace ba, shi ya sa yake zamewa har mutum ya ƙara matsewa. A ɗora ƙafar a kan takarda, a zana kewayenta da bandejin a jiki, a auna tsawo da faɗi kafin a saya. Wanda ya yi yawa yana juyawa ya tara ruwa da tsakuwa. Akuya kuwa ba ta barin maɗauri ya zauna lafiya, sai ta tauna shi, don haka a juya ƙullin ta waje a rufe shi da salatif mai ƙarfi. Kuma kada a saki mai takalmi cikin caɓi ko jiƙaƙƙiyar ciyawa; ruwa ta sama yake shiga, ba shi da mafita.

Tambaya: Dabbobi da yawa sun fara ɗingishi lokaci guda, suna dalala, ba sa cin abinci. Takalma nawa zan tanada?

Amsa: Ko ɗaya. Buɗe bakinsu ka duba dasashi da harshe, ka duba bakin kofato. In ka ga ƙuraje masu ruwa ko sun fashe, ga zazzaɓi, to ana zargin ciwon baki da kofato, wanda ke yaɗuwa kamar wutar daji har zuwa shanu. A tsayar da shige da ficen dabbobi, kada a kai ko ɗaya kasuwa, a wanke takalman mutane da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sanar da jami'in lafiyar dabbobi a ranar.