Likita Ya Amsa: Kumburi, Yawan Fitsari da Ƙofofin Ruwa a Jiki

Tambaya: Likita, me ya sa wurin rauni yake kumbura kamar an ɗura masa ruwa?

Ruwan ne kuwa, ɗan'uwa. Da nama ya ji ciwo, jiki yana sakin sinadarai irin su histamin, bangon ƙananan jijiyoyin jini ya saki, ruwa ya tsiyayo cikin nama. A cikin ƙwayar halitta kuma wani furotin mai suna NF-kB yana shiga cibiyarta ya tayar da ƙwayoyin gadon da ke rura kumburin. Magani irin prednisolone can yake binsa ya danne shi. Saboda wannan ƙarfin nasa ne ba a shansa sai likita ya rubuta.

Tambaya: Ina shan lithium, maganin da ake bayarwa don lafiyar ƙwaƙwalwa, yanzu fitsari ya dame ni, ƙishirwa ba ta barina barci.

Sannu, 'yar'uwa, wannan abu ne sananne. Ƙoda tana tace kusan lita 180 na ruwa kullum, amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya zuwa biyu ba. Sauran yana komawa jini, da yawansa ta wasu ƙananan ƙofofi da ake kira akwaforin, waɗanda masanin kimiyya Peter Agre ya bayyana a 1992, har ya sami kyautar Nobel a 2003. Ɗaya daga cikinsu, AQP2, sinadarin vasopressin ne ke ba ta umarni ta fito ta tsotse ruwa. Lithium yana rage yawan wannan ƙofa da ƙoda ke ƙerawa, sai ruwan ya wuce. Don Allah kar ki daina maganin da kanki. Ki je a auna lithium da gishirin jini da aikin ƙoda, a duba sikari ma. Kafin nan, duk lokacin da kika ji ƙishirwa ki sha ruwa.

Tambaya: Ƙanwata ta daina gani da ido ɗaya, ƙafafunta sun yi sanyi, an ce NMO ce. Gado ne?

Allah ya ba ta lafiya. NMO cuta ce ta jijiyoyi, kuma yawanci ba gado ba ce. Garkuwar jiki ce take kai wa AQP4, wata daga cikin waɗannan ƙofofin ruwa, hari a jijiyar ido da lakar ƙashin baya, kumburi ya biyo baya, kuma cutar ta fi kama mata. Gwajin jini yana taimakawa a bambanta ta da MS, wata cutar jijiyoyi mai kama da ita, domin wasu magungunan MS suna iya tsananta ta. Idan alamun suka dawo, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira gobe.