Hankali ke gani, ido gululu ne: mene ne gululun?

Wata 'yar'uwa ta turo tambaya daga Damagaram, ta ce Malam kullum kakarta in ta aike ta ɗauko abu ta dawo ta ce ba ta gani ba, alhali abin na gabanta, sai tsohuwar ta ce "hankali ke gani, ido gululu ne", to ita dai har yau ba ta san mene ne gululu ba.

To Malama, ba laifinki ba ne, kaɗi ne ya ja baya. Gululu shi ne ɗan dunƙulen yumɓun nan mai huda a tsakiya da ake sokawa a gindin mazari, wato siririn tsinken da ake kaɗa zare da shi, don ya ba shi nauyi ya riƙa juyawa. Ni na taso na tarar da kakata tana kaɗi, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin, auduga na hannun hagu zare na fita, mu kuma in mun faki idonta mu sace gululun mu je wasa. Ga shi a mulmule kamar ƙwayar ido, har da 'yar huda, amma ba ya ganin komai. Kin ga inda kamar take.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitoci ma haka suka tarar. Ido haske kawai yake karɓa, hoton ma a kife yake sauka a bayan ƙwayar idon, sai jijiya ta kwashi saƙon ta kai can ƙeya, don sashen ƙwaƙwalwa mai kula da gani a bayan kai yake, ba a goshi ba. Shi ya sa in mutum ya faɗi ya bugu a ƙeya sai ya ga wuta-wuta, kuma akwai wanda jini zai daina kai wa wannan wurin ya makance alhali idonsa garau, in ka kalle shi ba za ka ce makaho ba ne.

Sai dai a lura, tsofaffinmu ba su ce ƙwaƙwalwa ke gani ba, hankali suka ce. Ƙwaƙwalwa ko ƙwanya ita ce tsokar da ke cikin ƙoƙon kai, wadda ta babban mutum ba ta cika kilo 1 da rabi ba, kuma ko ta rago in an fasa kai ranar Sallah sunanta ke nan. Hankali kuwa aro ne daga Larabci, aƙlu, kuma asalin kalmar a can yana da alaƙa da dabaibaye raƙumi, wato abin da ke riƙe mutum kar ya ɓalle. Rago na da ƙwaƙwalwa, amma ba wanda zai ce masa mai hankali.

Wani kuma daga Zariya ya tambayi ma'anar "jikinsa ba laka". Laka a nan ba taɓo ba ce, ita ce farar igiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya, ta nan umarni ke zuwa hannu da ƙafa. In ta tsinke a haɗarin mota, daga wurin zuwa ƙasa sai jiki ya saki. Mu kuma muka ari maganar muka yafa wa wanda zazzaɓi ya kayar, ko malalacin da aka ce ya tashi ya ɗebo ruwa yana ta miƙa.