Me ya sa layin gwajin sifirin ɗina bai bi ta sifili ba?

Ƙanena, ka ce a makarantarku a Gombe kun rataya nauyi a sifirin, amma layin da ka zana a giraf na nauyi da miƙewar sifirin bai tashi daga sifili ba, kuma ya karkace a ƙarshe. Matsala biyu ce daban.

Ta farko, ina kyautata zaton tsawon sifirin ka rubuta, ba ƙarin tsawonsa ba. Auna shi tukuna babu komai a jikinsa. A ce santimita 5 ne, ka rataya giram 100 ya koma 7, to 2 za ka rubuta. Nauyin giram 100 kuwa kusan niyuton 1 ne, niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi. Ka bari ya daina lilo kafin ka karanta, idonka daidai da bakin allurar da ke nuna awo a jikin rula, kada ka leƙo rula daga sama. Nan ɗalibai ke zubar da maki a WAEC.

Karkacewar kuma ba laifinka ba ne. Dokar da Robert Hooke ya bayyana a 1678, F = ke (F ƙarfi, e miƙewa, k taurin sifirin), tana cewa in ka ninka ƙarfi, miƙewa ma ta ninka, amma tana da iyaka. Da zarar kaya ya yi wa sifirin yawa, lissafin ya ɓaci, wani lokacin ma ba zai koma yadda yake ba, kamar sikelin rataye na 'yan gwangwan da aka lafta wa kaya. Sauke nauyin ka duba: in allura ba ta dawo wurinta na farko ba, nemi wani sifirin wurin malaminku, ka rage nauyin.