Amsa: Yadda za ka gane ko bayanin kayan aikin wakilin AI ya yi kyau

Ɗan'uwa, kana tambaya ne yadda za ka gane ko bayanin da ka rubuta wa kayan aikin wakilinka na AI (wato manhajar AI da ke kiran wasu ƙananan manhajoji, kayan aikinta, don cika buƙatar mutum) ya isa. Kar ka auna shi da idonka, don kai ka gina manhajar, komai a fili yake a wurinka. Miƙa bayanin kaɗai ga abokin aikin da bai taɓa ganin ta ba, ka tambaye shi yaushe ake kiran wannan kayan, yaushe ba a kiransa, kuma me ake sakawa a kowane gurbi, wato wurin da ake cika bayanan da kayan ke buƙata. Duk inda ya yi inda-inda, nan wakilin zai yi tuntuɓe, saboda shi ma suna da bayani da tsarin JSON (salon tsara bayanai da kwamfuta ke karantawa) na guraben kawai yake gani, ko da ta MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, ka haɗa su. Daga nan ka tara buƙatu kamar 30 irin waɗanda mutane ke turowa da gaske, ka gwada, ka bi rajistar kiran ɗaya bayan ɗaya.

Amma fa kar ka tsaya a kan ko ya zaɓi kayan da ya dace, duba abin da ya cika a ciki. Ni na taɓa rubuta "adadin kuɗi" kawai a bayanin wani gurbi, alhali tsarin biyan kobo yake karɓa. Wakilin ya ɗauko kayan daidai, ya tura 5000 da nufin naira dubu biyar, rasit ya fito da naira 50. Allah ya so a gwaji ne, ba kuɗin kwastoma ba. Layi ɗaya na ƙara, "a kobo, wato 500000 na nufin naira 5,000", kuskuren bai sake dawowa ba.