Na ɗora manhajata a AWS da danne-danne, yanzu na kasa maimaitawa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mai koyon rubuta manhaja ne. Na haɗa wa makarantar Islamiyyar unguwarmu ɗan shafin rajistar ɗalibai, na ɗora shi a AWS, dandalin Amazon na hayar kayan kwamfuta ta intanet, ba tare da hayar sabar ba, da Lambda da API Gateway da DynamoDB. Duk da hannu na yi, in danna nan in danna can har ya tashi. Yanzu ina son in yi na biyu domin gwaji, kwana 3 ke nan ina fama ya ƙi, kuma na manta abin da na daddanna a karon farko. Abokina ya ce in koma Terraform. Bai yi wa ƙaramin aiki irin nawa girma ba? In ya dace, ta ina zan faro?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa aikin albarka. Abokinka ya faɗa maka gaskiya: Terraform manhaja ce da ke gina maka kayan AWS daga abin da ka rubuta a fayil maimakon danne-danne, kuma kwana 3 ɗin nan da suka tafi sun isa hujja.

Tsarin da ake ce wa marar sabar, sabar tana nan daram, kulawa da ita ce aka ɗauke maka. Tun da Amazon ya fito da Lambda a 2014, mai manhaja ya huta da sabunta injin da gadinsa. Amma wahalar ba ta ɓace ba, wuri ta sauya. A da abu ɗaya kake riƙe da shi, yanzu kana da ƙanana da yawa: ma'ajiyar S3 mai ɗauke da shafin, ƙofar API Gateway da buƙatun shafin ke shigowa ta cikinta, aikin Lambda mai sarrafa su, teburin DynamoDB mai ajiye bayanan ɗalibai, da izinin IAM da ke ba kowanne damar taɓa ɗan'uwansa. Duk mahaɗa tsakanin biyu saiti ne, kuma duk saitin da ka yi da hannu a kanka kaɗai yake zaune. Kamar mai shago ne da ke riƙe bashin unguwa a ka. Yana tafiya lafiya har ranar da zai yi tafiya ya bar wa ƙaninsa shagon.

Ban ga aikinka ba, amma ka duba wurare uku. Ko izinin da ka ba sabon Lambda har yanzu sunan tsohon teburi yake ambata, ko ka gyara API ɗin ba ka sake tura shi zuwa matakin (stage) da shafin ke kira ba, ko kuma ka manta saitin CORS, burauza ta hana shafin magana da API. Da a ce a rubuce suke, da ka ajiye fayil biyu gefe da gefe ka ga bambancin cikin minti 5.

Abin da ake nufi da rubuta kayan aiki a fayil ke nan. Ba umarni kake jerawa ba, yi kaza sannan kaza. Kwatanta abin da kake son ya kasance kake yi: teburi mai suna kaza da mabuɗi kaza, aikin Lambda mai ƙwaƙwalwa kaza. Manhajar da ke karanta fayil ɗin ita za ta duba abin da ke akwai, ta gano gibin, ta cike shi. AWS yana da nasa, CloudFormation, tun 2011, da SAM da aka gina a kansa musamman don irin aikinka. Terraform kuwa kamfanin HashiCorp ne ya fito da shi a 2014. Da suka sauya lasisinsa a 2023, wasu suka ɓalle suka kafa OpenTofu a ƙarƙashin Linux Foundation, kuma rubutun kusan iri ɗaya ne. SAM ya fi gajarta, amma ni Terraform nake zaɓa wa mai koyo, domin hannun da ya saba da shi zai yi amfani ko gobe aiki ya kai shi Azure ko Google Cloud.

Kada ka taɓa wanda makaranta ke amfani da shi tukuna. Fara da rubuta na gwajin daga tushe, ka sa sunan muhallin, wato gwaji ko aiki, ya zama abin da ake sauyawa, ta yadda teburi zai fito da rajista-gwaji a nan, rajista-aiki a can, daga fayil guda. Akwai wani tarko da kusan kowa ke faɗawa a nan. Idan ka haɗa API Gateway da Lambda a shafin AWS, shi da kansa yake ƙara izinin kiran ba tare da ka lura ba. Terraform ba ya yi maka wannan. Sai komai ya ginu lafiya lau, ka buɗe shafin, ka ci karo da kuskure mai lamba 500. Maganinsa 'yan layuka ne da ake kira aws_lambda_permission.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu. Umarni uku za ka riƙa bugawa kullum: terraform init, terraform plan, terraform apply. Na tsakiyar shi ne ran aikin. Yana nuna maka abin da zai faru tun bai faru ba, da alama a gaban kowane abu. Alamar + sabon abu za a gina, ~ gyara ne a inda yake, - rushewa ne. Wadda ta fi haɗari ita ce -/+, wato a rushe a sake ginawa. Ga aikin Lambda wannan ba komai ba ne, domin babu abin da yake ajiyewa. Ga teburin DynamoDB kuwa, sunayen ɗalibanku ne gaba ɗaya. Sauya sunan teburi ko babban mabuɗinsa kaɗai ya isa ya jawo wannan alamar. Na taɓa zama kusa da wani abokin aiki da ya ga sunan teburi bai yi masa kyau ba, ya gyara harafi biyu, ya buga apply, ya rubuta yes bai karanta ba. Layin ƙarshe na allon yana faɗa masa ƙarara cewa abu 1 zai rushe. Allah ya taimaka na gwaji ne, amma har yau ina tuna yadda ya yi shiru yana kallon teburin da babu komai a ciki. Don haka tun ranar farko ka sa prevent_destroy a kan teburinka, ka kunna kariyar gogewa ta DynamoDB, ka kuma kunna tsarin maido da bayanai da ke iya komar da kai baya har kwana 35.

Sai fayil ɗin da ake kira terraform.tfstate. Shi ne littafin da Terraform ke rubuta abin da ya gina da inda yake. In ya ɓata, kayan suna nan a AWS ana cajin ka kuɗinsu, amma Terraform bai san da su ba. Kada ka bar shi a kwamfutarka kaɗai, kuma kada ka kuskura ka tura shi GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye rubutunsu, domin kalmomin sirri suna iya zama a cikinsa a fili. Ka ajiye shi a ma'ajiyar S3 ta daban, mai adana tsofaffin kwafi, da makullin da ke hana mutum biyu yin apply lokaci guda. Na gwaji da na aiki kowanne da nasa. Mabuɗan shiga AWS ma kada su je GitHub, akwai masu kewaya shi dare da rana suna tsintar su.

Wasu lambobi da ya kamata su shiga fayil ɗinka da gangan: Lambda yana yanke aiki bayan daƙiƙa 3 in ba ka ce komai ba, iyakarsa kuma minti 15, amma API Gateway a tsarinsa na asali ba ya jira fiye da kimanin daƙiƙa 30. Aiki mai tsawo, kamar haɗa sakamakon jarrabawar makaranta duka, a tura shi layin jira na SQS. In za ka sa sunan shafinku ta CloudFront, tsarin AWS na isar da shafi ga masu buɗe shi, takardar shaidar tsaro dole a yankin AWS mai suna us-east-1 za a yanke ta, ko da sauran kayanka suna wani wuri. Batun yanki kuwa, AWS ya buɗe na Cape Town a 2020, sai ka kunna shi da kanka kafin ka shiga, kuma kada ka ɗauka ya fi sauri don yana Afirka. Ka gwada shi da na Landan ko Ailan daga layin wayar da iyayen yara ke amfani da shi, ka bi wanda ya fi.

Kuɗi ma a rubuta. Lambda yana ba da kira miliyan 1 kyauta a wata, wanda makarantarku ba za ta kusanci cinyewa ba, amma kuskure ɗaya, kamar aikin da ke rubutu a ma'ajiyar da ke tayar da shi, yana iya sa shi ya yi ta kiran kansa. Ka sa gargaɗin AWS Budgets a fayil ɗin, ko na dala 5 ne. Ka kuma yanka wa bayanan CloudWatch, inda AWS ke tara rahoton ayyukan manhajarka, wa'adi, domin in ba ka yanka ba ba sa gogewa. Kuɗin makarantar Islamiyya amana ce, ka san yadda ake tara shi.

Idan na gwajin ya tsaya da ƙafarsa, ka jarraba shi haka: ka ɗage prevent_destroy da kariyar gogewa daga teburin gwajin na ɗan lokaci, domin za su hana rushewar, ka buga terraform destroy, ka rushe shi duka, sannan ka sake apply. In ya dawo yana aiki ba ka danna komai da hannu ba, fayil ɗinka ya cika. In ya ƙi, akwai saitin da har yanzu yake kanka, nemo shi ka rubuta. Bayan nan sai ka waiwayi na makaranta. Sauran kayan ka gina sababbi kawai, amma teburin ɗalibai ka shigo da shi ta terraform import, ka yi ta gyara rubutunsa har plan ya nuna babu abin da zai sauya a kansa. Ka zaɓi ranar Alhamis ko Juma'a da ba a karatu, ka ɗauki kwafin teburin tukuna, sannan ka karkata shafin zuwa sabuwar ƙofar.