Amsa: Wai meye batun kurwa ta zama amaryar Yesu?

'Yar'uwa, kin ce kullum kina zuwa Mass (sujadar cocin Katolika) kina jan rosari (carbin addu'a) ga azumi amma zuciyarki a bushe, kuma maganar amarya ta ɗaure miki kai. To ba sabon abu bane fa, daga Waƙar Waƙoƙi aka samo shi, wato littafin soyayyar ango da amarya da ke cikin Littafi Mai Tsarki, Santa Bernard na Clairvaux a Faransa sai da ya yi wa'azi 86 a kan littafin nan kuma bai gama ba ya rasu a 1153.

Ni dai misalin Santa Teresa ta Avila ya fi kama ni. Ta ce addu'a kamar ban ruwan lambu ne, da farko da guga kike jawowa daga rijiya, igiya na cin tafin hannunki, amma daga ƙarshe ruwan sama ne ke sauka ya jiƙa komai ke kina zaune. Gugan, wato Mass da rosari da azumin naki, ba laifi bane, kar ki jefar. Kawai amarya ba 'yar aiki bace da za ta riƙa lissafa wa ango abin da ta yi yau.

Gobe bayan kin karɓi tarayya mai tsarki a Mass ki zauna shiru minti 10, ko hankalinki ya tafi kasuwa ki dawo da shi a hankali.