Koyar da manya Turanci ta hanyar sadarwa

Malama, kin tambaya ko ya dace ki rage darussan nahawu ki mayar da hankali kan magana, tunda ɗalibanki manya ne kuma suna jin nauyin buɗe baki a aji. A ganina ya dace ƙwarai, muddin ba a watsar da nahawun gaba ɗaya ba.

Wannan hanya ta koyar da harshe ta hanyar sadarwa ta bunƙasa ne a shekarun 1970, bayan masana irin su Dell Hymes sun nuna cewa sanin harshe ya haɗa da sanin abin da ya kamata a faɗa, ga wa, kuma a wane hali. A 1980 masana koyar da harshe Canale da Swain suka bayyana nahawu a matsayin ɓangare ɗaya na wannan ƙwarewa.

Aikin da ya fi amfani shi ne wanda ke tilasta tambaya ta gaske. Ki raba su biyu-biyu, ki ba ɗaya rabin jadawalin tashin jirage, ɗayan kuma sauran rabin, ta yadda babu mai iya cike nasa sai ya tambayi abokinsa da Turanci. Babba ya fi sakin jiki a gaban mutum ɗaya fiye da gaban aji duka, kuma wannan yana rage kunyar da kika ambata.

Kada ki katse su suna cikin magana. Ki rubuta kurakuran da suka yawaita, ki yi bayaninsu a ƙarshen darasi ba tare da kama sunan kowa ba.